Tsohuwar Majami'a a Bakin Tafkin Tana

Yau ƙasar Habasha muka nufa, inda Tafkin Tana yake kwance bisa tudu, kusan ƙafa 6,000 sama da teku. Daga cikinsa Shuɗin Nilu yake fita, ya gangara har Hartum, inda alhazanmu na dā suka san shi sa'ad da ake zuwa Makka da ƙafa.

In mun shiga jirgin ruwa daga Bahar Dar, sai mu sauka a gaɓar Zege, mu bi 'yar turba ta cikin itatuwan gahawa, har mu iske majami'ar da ake kira Ura Kidane Mehret. Ma'anar Kidane Mehret ita ce Alkawarin Rahama. Tun ƙarni na 14 sufayen Kirista suka kafa zama a nan, amma ginin da muke gani na ƙarni na 16 ne. Kewayayye ne kamar ɗakin taffa, sai dai ya fi girma nesa. Ba a shiga da takalma. Kashi uku ne: na waje na mawaƙa, na biyu inda ake karɓar jibi, na can tsakiya kuwa limamai da mataimakansu kaɗai ke shiga. Bangon ciki duk zane ne na labarun addininsu, domin wanda bai iya karatu ba ya karanta da ido.

Abin da ya kamata mu lura da shi, shi ne littattafai. Daga 1529 yaƙi ya ci ƙasar tsakanin sarakunan Habasha da Imam Ahmad Gran na Adal, har aka kashe shi a 1543, gabas da tafkin. Majami'u da yawa suka ƙone. Amma ruwa ya zama ganuwa, aka ɓoye littattafai da kayan sarauta a tsibirai. Saboda haka har yanzu a majami'un Tana ana iya ganin kambin sarakuna, da littattafan fata da aka rubuta da hannu cikin harshen Ge'ez.

To, 'yan makaranta, ku duba. Al'ummar da ta tsare rubutun kakanninta, wuta ba ta cinye tarihinta. Wanda ke da tsohuwar takarda a gafakar kakansa, kada ya bar wa gara. Gini in ya rushe a sake shi, amma littafi guda tilo in ya ɓace, wa zai mai da shi?