Daga Madaɓi Zuwa Injin Gurza: Tarihin Daɓe a Ƙasar Kazaure

Idan ka taɓa shiga tsohon ɗakin ƙasa a ƙauyukan Roni ko Gwiwa, ka ga daɓe ja mai sheƙi, to aikin mata ne. Kafin zuwan siminti, gayya ake yi idan za a kai amarya. A share ƙasa, a zuba tsakuwa ko marmara, a yayyafa ruwa, sai mata su jeru da madaɓai suna bugu suna waƙa. Daga baya a shafa ruwan makuba, wato jiƙon kwasfar ɗorawa. Sinadarin tanin da ke cikinsa yana taimakawa wajen ɗaure ƙasar da hana ruwa ratsa ta. Amma lura, sai ƙasa ta daddale tukuna ake kawo makuba.

Siminti baƙo ne. A 1824 wani magini a Ingila, Joseph Aspdin, ya yi rajistar irin da ake kira Portland. Najeriya ta fara yin nata a Nkalagu a 1957, masana'antar Kalambaina ta Sakkwato kuma ta fara aiki a 1967. Sannu a hankali cokalin birkila ya ture madaɓi.

Yau masu injin casar shinkafa da manyan sito suna shafa efoksi a kan kankare, wani fenti mai kauri da aka ƙirƙiro a Turai a shekarun 1930. A nan ake tafka asara, don a ganina gaggawa ta fi ta da yawa. Sabon kankare yana da wata ɓawo mai taushi a samansa, ƙurar siminti da ruwa ya taso da ita. In ba a kankare ta da injin gurza ba, fentin ita zai kama, kuma tare za su ɓare.

Sai danshi. Kwana 28 da kake ji na ƙarfi ne, ba na bushewa ba. Bushewa kan ci kusan wata guda ga kowane inci na kauri. Iskar hunturu irin ta Babura ma yaudara ce, sama ta bushe, ciki jiƙe.

Gwajin ba tsada. Manna leda mai faɗin santimita 45 a kan daɓen, ka like gefunanta, ka ba ta awa 16. In ka tarar da raɓa a ƙarƙashinta, dakatar da mai fenti.