Garkar Bayan Ɗaki: Tarihin Tukunyar Miyarmu

Tunda Allah Ya sake nuna mana zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, ya dace mu waiwayi wata tsohuwar sana'ar mata da ta girmi rajista da littafin banki, wato ɗan lambun nan na bayan ɗaki da kakanninmu ke kira garka.

Shuka a cikin gari tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Waɗanda suka gina ganuwar Kano sun haɗa har da filin noma a cikinta, don ko abokan gaba sun kewaye gari kada yunwa ta ci mutane. Baturen Birtaniya Kilafatan, da ya shigo Kano a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi 1 cikin 4 na filin cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Shi ma Barth na Jamus, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya zo a 1851 ya ambaci gwanda da dabino da ya hango sun yi tsaye a tsakanin gidajen birni.

To me ake shukawa? Kuɓewa da yakuwa da duma 'yan gida ne, da su aka san Afirka tun fil azal. Amma barkono da gwanda da gwaiba da tumatir baƙi ne daga nahiyar Amurka, ba su ƙetaro ba sai bayan 1492. Mangwaro da zogale kuwa asalinsu ƙasar Indiya. Karas da kabeji da latas zamanin Turawa suka yaɗu, sunayensu ma sun tona asirinsu. Kun ga ke nan miyar da muke cewa ta gargajiya taron baƙi ce. Kafin baƙon iri ya zama ɗan gida, sai wata ta gwada shi a tukunya, ta ga ya yi, ta ƙulla wa maƙwabciya 'ya'yansa a bakin zane.

Garka ba ta cin kuɗi. Takinta kashin awaki da na kaji da tokar murhu, ruwanta na alwala da na wankin hatsi. Kabewa ta hau danga, duma ya hau jinka, zogale ya tsaya a matsayin shinge. In damina ta yi albarka, a yanka kuɓewa a shanya, a busar da yakuwa da rama don rani. Furen yakuwa ya zama zoɓo, 'ya'yanta su zama daddawar batso. Macen da ke cikin kulle ba ta zuwa gona, amma daga nan bayan ɗakinta take yin kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli a kai talla. Kuɗin ya shiga adashi, adashi ya zama tasoshi da kwalla na kayan ɗakin 'ya. Wallahi gidaje da yawa da ganyen bayan ɗaki aka rufa musu asiri.

Hukuma ba ta cika tunawa da garka ba sai an shiga matsi. Bayan farin da ya yi tsanani a 1973, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, aka yi ta kira a rediyo kowa ya shuka wani abu ko a bayan gidansa ne, har makarantu aka sa su yin lambu. A Nijar ma, bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta matsa wa jama'a su rungumi noman rani. A 1987 kuma shirin Maryam Babangida na kyautata rayuwar matan karkara ya sa ƙungiyoyin gama kai na mata suka yawaita.

Duk da haka garka ta yi ta ƙanƙancewa, kuma ba lalacin mata ya jawo ba. Gida ɗaya aka raba gado ya zama huɗu, inda gwanda take aka yi shago, tsakar gida aka malale ta da siminti. Ga kuma madatsar Tiga, da aka kammala a 1974, ta sa tumatirin Kadawa da Kura ya cika kasuwa da araha, sai kowa ta ce me zai sa in wahala? Amsar ta zo a 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Kun dai tuna yadda kuɗin cefane ya koma a shekarar. Mai 'yar kuɓewa da alayyafo a gida ita ta gane gaskiyar masu cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Filin da ya tafi ba zai dawo ba, amma buhun siminti da tsohon bokiti suna nan. A cika su da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a huda gindi, a ajiye inda rana ke bugawa. Alayyafo cikin wata guda an fara tsinka, kuɓewa wata biyu, gwanda kuwa kafin shekara ta zagayo. Abin tsoron shi ne iri. Tsohuwar da ke adana irin kuɓewar gidansu a ƙwarya cikin toka, in ta rasu ba wadda ta karɓa, ya tafi ke nan.

Don haka, Hajiyoyinmu, a taron wata mai zuwa kowace ta ƙullo irin da take da shi, ta zo da 'yarta ko jikarta, a yi musaya a koya musu. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a abin da muka shuka, Ya maimaita mana. Amin.