Jagorar Zaɓen Kamfanin Intanet Don Amfanin Gida a Tambuwal da Kebbe

Gabatarwa

Intanet ya zama abin buƙata a gidaje da dama na Ƙananan Hukumomin Tambuwal da Kebbe da ke kudancin Jihar Sakkwato. Da shi ɗalibai ke duba sakamakon jarrabawar WAEC da NECO, da shi 'yan kasuwa ke tura kuɗi, iyalai kuma ke ganawa da 'yan'uwansu mazauna nesa. Ka'idar da ya kamata magidanci ya riƙe ita ce: kamfanin da ya fi dacewa shi ne wanda sabis ɗinsa ke da ƙarfi a cikin gidansa, ba wanda ya fi yawan talla ko araha ba.

Kamfanonin da ke ba da sabis

Wayar salula ta fara aiki a Najeriya cikin shekarar 2001, lokacin da kamfanonin MTN da Econet suka soma hulɗa da jama'a. Econet ya sauya suna sau da dama kafin ya zama Airtel a 2010. Globacom, wanda aka fi sani da Glo, ya shigo a 2003, sai Etisalat a 2008, wanda ya koma 9mobile a 2017, sannan T2 a 2025. Dukkansu suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wato NCC.

Hanyoyin samun intanet a gida

Hanya ta farko ita ce layin waya. Ana sa shi a wayar hannu, ko a ƙaramar na'urar MiFi mai batir, ko a rauta da ake jonawa da lantarki domin ta rarraba wa mutanen gida. Wannan hanya ce ta fi sauƙin kuɗi, amma ingancinta ya dogara ga kusancin gida da ƙarfen sabis. Saboda haka abin da ake samu a garuruwan Tambuwal da Dogon Daji ba lalle ne ya zama daidai da na ƙauyukan Kuchi, Margai ko Sangi ba.

Hanya ta biyu ita ce tauraron ɗan Adam. Kamfanin Starlink na Amurka ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023. Ba ya buƙatar ƙarfen sabis, sai dai a kafa farantinsa inda bishiya ko gini ba su tare sararin sama ba. Kuɗin na'urar da na wata-wata sun fi na layin waya nesa ba kusa ba, don haka ya fi dacewa da makarantu, asibitoci da shagunan kwamfuta. Ruwan sama mai ƙarfi kan katse shi na ɗan lokaci.

Hanya ta uku ita ce wayar fayiba da ake ja har cikin gida. Ita ce ta fi tsayuwa da sauri, amma an fi samunta a manyan birane. Haka ma fasahar 5G, wadda MTN ya ƙaddamar a 2022, Airtel kuma a 2023.

Abubuwan lura kafin a biya kuɗi

1. Gwaji a gida. Gani ya kori ji. A ari layin maƙwabci, ko a sayi ƙaramar data ta kamfani biyu ko uku, a gwada da safe, da rana, da kuma bayan sallar isha'i lokacin da masu amfani suka fi yawa. A gwada har da ranar kasuwa. A lura ko wayar na nuna 4G, ko tana komawa 3G ko 2G. Katanga mai kauri da rufin kwano kan rage ƙarfin sabis, don haka a ajiye na'ura kusa da taga ko a wuri mai tudu.

2. Yawan buƙata. Saƙonnin rubutu da na murya a WhatsApp ba sa cin data mai yawa. Bidiyo kuwa, awa ɗaya kan ci kusan gigabait 1, mai haske sosai har gigabait 3. Gidan da yara ke kallo ko karatu ta bidiyo ya fi buƙatar tsarin wata.

3. Sharuɗɗan tsari. A tambayi wa'adin data, da makomar ragowarta idan wa'adi ya cika. Yawancin tsare-tsaren da ake kira marasa iyaka suna rage gudu da zarar an kai wani adadi. A watan Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100, saboda haka a danna *312# domin ganin farashin yau, da *323# domin duba ragowar data.

4. Wutar lantarki. Rauta da farantin Starlink ba sa aiki sai da wuta. Inda wuta ba ta tsayawa, a sa kuɗin sola ko batir cikin lissafi, ko a zaɓi MiFi.

5. Nau'in na'ura. Wasu na'urori a kulle suke ga layin kamfani ɗaya. Wadda ke karɓar kowane layi ta fi amfani idan sabis ya sauya.

Rajista da haƙƙin mai amfani

Tun daga watan Disamban 2020 wajibi ne a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, har da layin da ke cikin rauta. Kada a sayi layin da aka yi wa rajista da sunan wani, domin ana iya rufe shi, kuma ba za a iya maido da shi ba sai da mai sunan.

Har ila yau, tun 2013 mai layi na da damar komawa wani kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba. Idan an sami matsala, a fara kiran kamfanin a lamba 300, a kuma adana lambar ƙorafin da aka bayar. Idan ba a warware ba, sai a kira NCC kyauta a lamba 622.

Kammalawa

Ana shawartar magidanta da su fara da ƙaramin tsari na mako ɗaya kafin su sayi na'ura ko su biya kuɗin wata. Yana kuma da kyau a ajiye layin kamfani na biyu, domin idan ɗaya ya ɗauke a ranar rajistar jarrabawa ko tura kuɗi, ɗayan ya biya buƙata.