Yaɓen Tanderu da Tarihin Ƙarfe a Turai

Idan ana maganar masana'antar ƙarfe, hankali yakan tafi ga tama da gawayi, ba safai ake tuna yaɓen da ke cikin tanderu ba. Amma tarihi ya nuna cewa wannan yaɓe ya taɓa sauya arzikin ƙasashe.

A 1856 Henry Bessemer na Ingila ya bayyana dabararsa ta hura iska cikin narkakken ƙarfe don ƙone dattin da ke cikinsa. Tukunyarsa an yaɓe ta da abu mai yawan yashi, domin yashi yana jure wuta, ga shi da araha. Ba a jima ba aibi ya fito. Yawancin tamar Turai tana ɗauke da sinadarin fosforas, wanda kan sa ƙarfe gautsi. Farar ƙasa ita ce ke iya kama shi ta fitar, to amma da an zuba ta sai ta cinye yaɓen yashin. Saboda haka fiye da shekara 20 masu masana'antu a Ingila suka dogara ga tama marar fosforas, ta Cumberland da wadda ake saye daga Sifen.

Wanda ya warware matsalar ba ma'aikacin ƙarfe ba ne. Sidney Gilchrist Thomas akawun kotu ne a Landan, yana karatun kimiyya da dare. Shi da ɗan'uwansa Percy Gilchrist suka yi gwaje-gwaje a Blaenavon ta Wales, suka gane cewa dole yaɓen ya zama jinsi ɗaya da farar ƙasa, don kada su ci juna. Aka zaɓi dutsen dolomait, aka gasa shi da wuta mai tsanani, aka cuɗa shi da kwalta. A 1879 aka nuna aikin a Middlesbrough, ya kuwa yi kyau.

Wannan yaɓe ya fi na yashi wuyar haɗawa, kuma danshi yana lalata gasasshen dutsen idan aka ajiye shi. Duk da haka ribarsa ta rinjayi wahalarsa. Tamar Lorraine, yankin da Jamus ta karɓe wani ɓangarensa daga Faransa a 1871, ta zama dukiya bayan an daɗe ana raina ta. Kashin maƙera da ke fitowa daga tukunyar, da yake cike yake da fosforas, aka riƙa niƙa shi ana sayar wa manoma a matsayin taki. Kafin 1900 Jamus ta wuce Biritaniya wajen yin tataccen ƙarfe. Thomas kuwa bai ga wannan ba, ya rasu a 1885 yana da shekara 34.

Abin lura ga ma'aikacin da aka ɗora wa sayen kayan masana'anta shi ne, darajar bulon tanderu ba a kuɗinsa na ranar saye take ba. Ana auna ta da irin tamar da zai haɗu da ita, da yawan narkin da zai ɗauka kafin a kashe wuta don gyara. Tamar Agbaja ta Jihar Kogi ita ma mai yawan fosforas ce, don haka duk mai niyyar narka ta sai ya fara amsa tambayar da Thomas ya amsa.