Bagaruwa a Gaɓar Shuɗin Nilu

A ƙasar Hausa, in an ambaci bagaruwa, ko gabaruwa a wasu kare-kare, majema ke fara zuwa a zuciya, domin da 'ya'yanta ake jima. Itacenta kuwa bai cika wuce ƙotar fartanya da makamashi ba. A Sudan darajarta ta sha bamban.

Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'arsa. Suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da ake kira Mai Wurno har yau. A nan suka tarar da bishiyar da suka sani a gida, amma ta zama kurmi. Larabawan wurin na ce mata sunuɗ, 'ya'yanta kuma garad.

Dalilin kurmin shi ne ambaliya. Kowace damina kogin yakan cika ya malala cikin fadamun gefensa, ruwa ya kwanta wata da watanni. Yawancin itatuwa ba sa jure haka. Bagaruwa kuwa tana jurewa, ta miƙe, ta yi kauri. Itacenta na da nauyi da tauri, gara ba ta cinsa da sauƙi, kuma tun zamanin da ake sassaƙa jiragen ruwa da shi a Nilu.

Jirgin ƙasa ne ya ɗaga darajarta. Da aka shimfiɗa dogo cikin Jazira, aka kuma gama madatsar Sinnar a 1925 don noman auduga, sai bukatar katakon da ake ɗora ƙarfen dogo a kai ta ƙaru. Gwamnatin mulkin mallaka ta keɓe waɗannan fadamu, ta tsara sara da sake shuka bi da bi, aka kafa injin yanka katako a Suki. Wato fadamar da manomi da makiyayi ke wa kallon tasu ta koma gandun hukuma.

Madatsar Rusairis ta 1966 ta sauya yadda ruwa ke zuwa wa kurmin. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya kai Wad Madani da Sinja, iskar gas ta girki ta yi wuya, mutane suka koma ga gawayi, kuma gawayin bagaruwa na cikin waɗanda aka fi so.