Bell uku a gari ɗaya: wane ne likita, wane ne mai tarho?

1/ Shekaranjiya muka yi gardama da wani abokina ɗan aji uku a sashen likitanci. Wai Bell ɗin da ya ƙirƙiro wayar tarho shi ne ya gano ciwon nan mai karkatar da rabin fuska. Na ce ina! Ya ce wanda ya sha kaye shi zai sayi shayi. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Ashe Bell uku ne sanannu, dukkansu haifaffun birnin Edinbura a Sukotland, amma gidajensu daban-daban. Kamar ka ji Bello uku a Sakkwato ka ce uwa ɗaya uba ɗaya ne.

3/ Na farko Charles Bell, an haife shi a 1774. Likitan tiyata ne kuma gwanin zane. Bayan yaƙin Waterloo a 1815 ya je ya yi wa sojojin da suka jikkata aiki, ya kuma zana raunukansu da fenti. A 1821 ya yi bayani kan jijiyar da ke motsa naman fuska, shi ya sa ciwon yake ɗauke da sunansa har yau.

4/ Ciwon da wasu a gida ke cewa marin aljani ne. Don Allah in bakin wani ya karkace farat ɗaya a kai shi asibiti, don shanyewar ɓarin jiki ma haka take farawa.

5/ Charles ya rasu a 1842. Mai tarho kuwa sai 1847 aka haife shi. Nan dai abokina ya fara laluben aljihu.

6/ Na biyu Joseph Bell, 1837, ɗan gidan likitocin tiyata tun daga kakan babansa Benjamin. Ya yi suna wajen duban mara lafiya ya faɗi sana'arsa kafin ya buɗe baki. Ɗalibinsa Arthur Conan Doyle daga gare shi ya samo halin Sherlock Holmes.

7/ To ga wanda ya fi ba ni mamaki, Alexander Graham Bell. Ba likita ba ne, ba injiniya ba ne, bai ma kammala digiri ba. Kakansa ɗinkin takalma ya fara yi kafin ya koma koyar da iya furuci, babansa ma aikin ke nan. Mahaifiyarsa ta kurumce. Shi kuma, bayan tarin fuka ya kashe 'yan'uwansa maza biyu, suka ƙaura Kanada a 1870, daga nan ya zama malamin kurame a Boston.

8/ A 1874 wani likitan kunne, Clarence Blake, ya samo masa kunnen gawa. E, kunnen mutum na gaske. Suka haɗa shi da ɗan tsinke, in an yi magana tsinken ya zana motsin sautin a kan gilashi mai hayaƙi. Nan ya ga yadda 'yar siririyar fatar dodon kunne ke motsa ƙashi, ya ce ashe za ta iya motsa ƙarfe. Ranar 7 ga Maris 1876 aka ba shi takardar mallakar tarho. Ƙira da hannu kuwa yawanci Thomas Watson ne ya yi.

9/ Ranar da ya shiga gonar likitoci abin bai yi kyau ba. A watan Yulin 1881 aka harbi shugaban Amurka James Garfield, harsashi ya ɓace a jikinsa. Bell ya haɗa na'urar gano ƙarfe ya zo da ita. Babban likitan, Willard Bliss, ya dage harsashin na ɓangaren dama, nan kawai ya bari a duba. Ga kuma ƙarfe a katifar gadon yana rikita na'urar.

10/ Garfield ya rasu ranar 19 ga Satumba. Da aka buɗe gawa, harsashin na hagu. A ganina taurin kan Bliss da yatsun da aka yi ta cusawa cikin raunin ba wanki sun fi na'urar laifi nesa ba kusa ba.

11/ Amma fa abokina bai faɗi warwas ba. Akwai Chichester Bell, ɗan wan baban Graham, wanda ya karanci likitanci a Dublin, ya koma harkar sinadarai, sannan shi da Charles Tainter suka inganta na'urar naɗar murya mai amfani da kakin zuma, aka ba su takardarta a 1886. A shekarar ce kuma Jami'ar Heidelberg ta Jamus ta ba Graham digirin girmamawa na likitanci.

12/ Da wannan ya kafe wai ai likita ne ko na girmamawa ne. Shayin dai shi ya saya, burodin ni.