Kuɗi Ɗaya, Soja Kowa da Nasa

Idan muka dubi Tarayyar Turai a yau, za mu ga ƙasashe 27 masu kasuwa guda, yawancinsu kuma suna kashe kuɗi iri ɗaya, amma har gobe ba su da rundunar soja guda. Ba wai ba a gwada ba ne.

A 1950, da yaƙin Koriya ya ɓarke, Amurka ta matsa a bai wa Jamus ta Yamma makamai saboda tsoron Tarayyar Sobiyet. Hankalin Faransa ya tashi, domin shekara goma kacal ke nan da sojan Jamus suka mamaye ta. Firaministanta René Pleven ya kawo dabara: a kafa runduna ɗaya ta Turai, a saka sojan Jamus a cikinta. Ƙasashe shida suka sa hannu a 1952. Amma a Agustan 1954 majalisar dokokin Faransar da kanta ta yi watsi da yarjejeniyar, don ba ta yarda ta miƙa ragamar sojanta ga wani ba. Jamus ta Yamma ta shiga ƙawancen NATO a 1955, Turai ta ci gaba da fakewa a inuwar Amurka.

Yaƙin Bosniya ne ya tona asirin wannan rauni. A Yulin 1995 aka kashe Musulmi maza kimanin 8,000 a Srebrenica, a tsakar gidan Turai, kuma sai a Dayton ta Amurka aka ƙulla sulhu. Bayan wannan abin kunya, Tony Blair da Jacques Chirac suka haɗu a Saint-Malo a 1998, suka amince Tarayyar ta samu ƙarfin sojan da za ta iya motsawa da kanta. A 2003 ta aika dakaru garin Bunia na Kwango. Tun 2007 take da rundunonin ko-ta-kwana masu soja 1,500 kowace, amma ba a taɓa tura ko ɗaya ba, saboda sai kowace ƙasa ta yarda.

Sai da Rasha ta afka wa Yukiren a 2022 Tarayyar ta fara biyan kuɗin makamai ga ƙasar da ke yaƙi.

Abin da muka fahimta shi ne, kowane mataki sai da masifa ta auku aka ɗauke shi. Ƙasa kan haƙura da kuɗinta da shingen iyakarta, amma ikon tura 'ya'yanta fagen fama, wannan kam tana riƙe da abinta.